Kaskon Gidan Maiturare

Saura taku huɗu Mardiyya ta isa gaban Hajiya Maiturare, ƙafarta ta hagu ta ce ba da ita ba.

Sai ta ji ƙasa ta karkace. Kaskon turaren wutar da ke hannunta ya suɓuce, garwashi ya watsu a kan lallausar dardumar da Hajiya ta yo tsaraba daga Makka, nan take ƙaurin ƙuna ya danne ƙamshin turaren. Falon ya kaure da salati. Wannan na janye zani, waccan na ɗage ƙafa, wata ta sheƙa ruwan buta har a jikin baƙi. Ranar sunan jikar Hajiya ce, gidan ba masaka tsinke, kuma ranar ce ta farko da Mardiyya ta taka gidan su Muhsin, saurayin da ya shekara biyu yana sintiri a ƙofar gidansu.

Ta durƙusa tana tattara garwashin da murfin kwano, hannun na kai mata inda ba ta aike shi ba.

"Ku ƙyale ta, ba laifinta ba ne," in ji Fadila, 'yar ƙanin Hajiya, da murya irin ta mai jaje. "Ciwon gidansu ne... Ba 'yar Malam Zulkifilu mai hula ba ce?"

Fadilar nan kuwa ita ta miƙa mata kaskon da hannunta, tana sane sarai. Tun suna yara ta ɗora ido a kan Muhsin, shi kuwa kallon ƙanwa yake mata, abin da ya fi zagi ciwo ga mace mai so.

 Hajiya ta dubi ramukan da wuta ta yi wa dardumarta, ta dubi yarinyar, haƙorin Makkanta ko leƙowa bai yi ba. Duk wanda ya san Hajiya ya san in haƙorin nan ya ɓuya, to ba lafiya.

Ciwon gidan Malam Zulkifilu ba ɓoyayye ba ne a cikin garin Daura. Mahaifiyarsa ta yi shi, shi ya yi shi, ƙanensa na Mai'adua yana kan yi. Yakan fara da yawan tuntuɓe, sai tangaɗi, sai hannu ya riƙa wuce abin da ya nufa, daga baya harshe ya yi nauyi. Malam mutum ne da ko goro bai dame shi ba, amma har ya koma ga Allah akwai masu raɗe-raɗin wai a ɓoye yake kurɓar giya. Wasu suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu har allo ya koɗe. A asibiti aka faɗa musu gaskiya: ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, mai daidaita tafiya da motsin hannu, ita ke raunana a hankali, kuma gado ne. Cikin 'ya'yansa huɗu ciwon ya zaɓi Mardiyya, ita da ta gaji allurarsa ta ɗinkin hula.

Muhsin ya san duk wannan. Malamin gona ne a Baure, hula ta kawo shi gidan, ya zo karɓar ɗaya ya ba da aikin uku don ya sami dalilin dawowa. Ranar da ya furta yana so, ba ta sunne kai tana wasa da bakin mayafi ba. Cewa ta yi ya tsaya ya ji tukuna, ta zayyana masa komai. Ya saurara har ta kai aya, sannan ya tambaye ta ko ta gama, don shi yunwa yake ji kuma ya jiyo ƙamshin ɗanwake daga cikin gida.

Washegarin sunan, bayan la'asar, Muhsin ya same ta a zauren gidansu idanunta sun kumbura.

"Yaya Muhsin, ka bi maganar Hajiya."

"Ba ki ma ji maganar ba tukuna."

"Na ƙona mata darduma a gaban mutane..."

"Dardumar da ta hana mu takawa shekara goma? Mardi, ni da yayyena godiya muka zo yi miki."

Dariya ta ƙwace mata tana hawaye, ta ji haushin kanta da ta yi ta. Sai da ya ga ta ɗan sake ya faɗa mata abin da Hajiya ta yanke, bai rage komai ba, don ya san ba ta son a lallaɓa ta da ƙarya.

Gidan Maiturare yana da al'adarsa tun zamanin kakar mahaifin Muhsin, wadda ta fara haɗa turaren wuta a gidan. Duk amaryar da aka kawo, ranar buɗar kai da hantsi za ta ɗauki kasko da wuta a ciki tun daga bakin zaure har ɗakin uwar gida, taku ashirin da bakwai, ta ajiye, ta durƙusa ta yi gaisuwa. Uwar gida kuwa tana zaune, ba ta motsawa. Hajiya ta yi, surukanta biyu sun yi. Ba farilla ba ce, ba sunna ba ce, limamin unguwa ma ya sha faɗa, amma tun rasuwar Alhaji, mijin Hajiya, ko baffan Muhsin ba ya kai gaisuwar aure ko'ina sai Hajiya ta ɗaga kai. To Hajiya ta ce wadda ba ta iya riƙe kasko ba ba za ta riƙe gida ba, kuma ita ba za ta sayo wa zuriyarta tangaɗi da hannunta ba.

"Gaskiyarta ce," in ji Mardiyya a hankali.

"Rabin gaskiya ce. Sauran rabin yana Kano."

Ya ciro waya ya nuna mata. Matar wani abokinsa, Dokta Yasmin, likitar ƙwaƙwalwa ce a wani asibiti a Kano, suna gwajin wata na'ura ga masu irin ciwon. Ba tiyata, ba allura. Maganaɗisu ne ake ɗorawa a ƙeya, yana aika bugu ta cikin ƙashin kai yana zaburar da ɓangaren da ya yi sanyi. Ya ce ba zai yaudare ta ba, likitar ta ce ba warkewa ake yi ba, sauƙi ne wasu ke samu.

"In ban samu ba fa?"

"Sai mu dawo in ci gaba da naci. Sanyin idona, ni ba tafiyarki na gani na ce ina so ba."

Inno, mahaifiyar Mardiyya, ta yi kwana biyu tana juya maganar. Ita tsoronta kada abin ya zuƙe wa 'yarta hadda, don ta ga yadda maganaɗisu ke kwashe allurai in sun zube a ƙasa. Da aka tabbatar mata ko Fatiha ba za ta taɓu ba, ta ƙulle kayansu, har da gumbar fura, wai ta Kano ba ta yi mata. Muhsin ya kai su ta hanyar Kazaure, ya sauke su gidan ƙanwar Inno, ya koma bakin aikinsa.

Ranar farko Mardiyya ta ji tsoro, ba ta ɓoye ba. Aka tambaye ta ko ta taɓa farfaɗiya, ko akwai wani ƙarfe a kanta. Aka sa ta cire 'yan kunne da fil ɗin ɗankwali, aka toshe mata kunnuwa, ta zauna a kujera ta sunkuyar da kai. Dokta Yasmin ta manna mata wani abu mai zobba biyu a ƙeya. Ƙas, ƙas, ƙas... kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Ba zafi, sai tsokar wuya da ke ɗan harbawa. Minti ashirin aka ce ta tashi, Inno ta tare ta da cewa ta karanta mata Tabara ta ji.

Daga nan sai ɗakin motsa jiki: tafiya a kan layin da aka zana a ƙasa, taɓa hanci da yatsa, ɗaukar kofi cike da ruwa. Akan ɗaura mata 'yan jakunkunan yashi a wuyan hannu, sai ta ga rawar ta lafa. Likitar ta ce haka abin yake, hannu mai irin wannan rawar ya fi nutsuwa in ya ji nauyi, abu marar nauyi shi ya fi ba shi wahala.

Kwana biyar ba ta ga komai ba. Muhsin ya kira ta ce masa asarar mai kawai ya yi. A rana ta shida da safe ta ɗauki allura da zare don kawai ta ɓata wa kanta rai, kamar yadda ta saba watanni takwas ke nan.

Zaren ya shiga.

Ta zare ta sake. Ya sake shiga.

Ta kira shi ta kasa magana, sai kuka. Shi kuma yana tsakiyar gonar gwaji, manoma na jiransa, ya ce mata ta yi kukan a hankali yana sauraro, gero ba gudu zai yi ba.

A can Daura kuwa Fadila ba ta zauna ba. Ta sami Hajiya tana kwaɓa turare, ta tsugunna ta ce ita dai ba gulma ta kawo ta ba, amma ta ji an kai yarinyar nan Kano ana jona mata lantarki a ka, don a danne ciwon har a ɗaura aure, in ya so ya tashi a gidan mutane. Hajiya mace ce da ta shekara arba'in tana sayar da turare da gwal, abin da ta fi tsana a duniya shi ne a rufe ta da jabu. Ta wanke hannu ta sa aka kira mata Muhsin, ta ce gobe ya kai ta ta gani da idonta.

A rana ta takwas Mardiyya na kan kujera, ba a kunna na'urar ba tukuna, ta jiyo ƙamshin da ba ta manta ba.  Kafin ta ɗago, ga Hajiya a bakin ƙofa, Muhsin a bayanta yana yi mata alama da ido cewa ba shi ya kitsa ba.

Ma'aikaciyar jinya ta ce mai shiga sai ya ajiye ƙarfe da waya. Hajiya ta zare awarwaro, ta cire sarƙa, ta miƙa jaka, sannan ta tsaya ta rufe bakinta da tafin hannu. Dokta Yasmin ta gane, ta ce kada Hajiya ta damu, maganaɗisu ba ya jan zinari.

"Ni za ki gaya wa?" in ji Hajiya ta bayan hannunta. "Da shi nake gwada gwal, yana nan cikin jakata. Balaraben da ya sa mini haƙorin ne ban yarda da shi ba. Shekara talatin ina zarginsa."

Inno ta juya fuska bango kafaɗunta na rawa.

Aka kunna. Hajiya ta manne a jikin ƙofa. Da ta ga yarinyar na zaune lafiya, ba ihu ba shure-shure, ta matso taku ɗaya, ta ƙara wani, har ta zo daf da kujerar. Ta sauke hannu a hankali, ta taɓa haƙorin da harshe, ta ji yana nan daram.

"Ashe bawan Allah bai cuce ni ba."

Da aka gama ta zauna ta fuskanci likita, fuskar ciniki ta dawo. Ta ce a gaya mata tsakani da Allah, yarinyar ta warke? Dokta Yasmin ta dubi Mardiyya, don sirrin marar lafiya ba nata ba ne. Muhsin ya buɗe baki zai yi magana, Mardiyya ta riga shi.

"Ban warke ba, Hajiya. Dokta, ki faɗa musu duka, har maganar 'ya'ya."

Likitar ta faɗa. Sauƙin na iya kai makonni ko watanni, sai a dawo a sake, kuma har yanzu bincike ake, ba wanda zai yi alkawari. Ciwon zai ci gaba a hankali, wata rana sai da sanda. A irin na gidansu, kowane ɗa da za ta haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko ya tsira.

 Hajiya ta juyo ta tambayi Mardiyya ko ta san maganar nan ta isa ta raba ta da Muhsin har abada. Mardiyya ta zamo daga kujera ta durƙusa, ta dafa ƙasa don kada ta kife.

"Na sani. Ina son shi, Hajiya, ba zan ɓoye muku ba. Amma gara ku ƙi ni kuna sane da ku karɓe ni a rufe. Babana da ciwon nan ya ɗinka hular rabin garin Daura, ya ciyar da mu, ya sauke mu Alƙur'ani. Ni dai ban taɓa cewa da ma bai haife ni ba."

Hajiya ta daɗe tana kallon ta. Ta karɓi jakarta, ta mai da awarwaronta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"An ɗora miki maganaɗisu kwana takwas, ban ga jabu ya fito ba. Muhsin, ka ce wa baffanka ina neman sa." Sai ta ƙara da cewa, "Amma kasko yana nan, ba a fasa ba."

Muhsin ya rasa inda zai sa kansa, ya riƙo hannun Inno yana ta yi mata godiya kamar ita ta ba shi.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu, ango sanye da hular da amarya ta ɗinka. Ɗinkin ya ɗan karkace a gefe guda, ya ce duk wanda ya ga karkata idonsa ne ke da matsala. Mako guda kafin biki ta sake komawa Kano aka ƙara mata kwana biyar, kullum kuma tana auna taku ashirin da bakwai a tsakar gidansu, Inno na ƙirga mata.

Ranar buɗar kai da hantsi gidan Maiturare ya cika ya batse. Har waɗanda ba a gayyata ba sun zo, don labarin dardumar ya zaga gari. Mardiyya na tsaye a bakin zaure cikin lulluɓi. An tanadar mata ɗan ƙaramin kasko na gwangwani, marar nauyi, wai don a tausaya mata, ita kuwa tun da ta ji labarinsa hankalinta ya tashi, kunya ta hana ta faɗa.

Sai ga Fadila ta fito tana nishi, riƙe da tsohon kaskon yumɓu na kakar gidan, mai kauri, cike da garwashi. Ta ce wancan ya ɓace an neme shi an rasa, sai dai amarya ta yi haƙuri da wannan. Mata suka fara ƙus-ƙus, wata gwaggo ta ce wannan ai mugunta ce.

Mardiyya ta karɓa da hannu biyu. Nauyin ya sauka a wuyan hannuwanta, daidai inda ake ɗaura mata jakunkunan yashi. Rawar ta lafa.

"Na gode, Fadila," ta ce, har cikin ranta.

Ta ɗaga ƙafa. Ɗaya. Biyu. Ta buɗa ƙafafunta kamar yadda aka koya mata, idonta a kan ƙofar ɗakin Hajiya, hayaƙin turare na tashi a gabanta. Ba tafiyar rangwaɗa ba ce, kowa ya ga tana ɗan layi, amma ko toka ba ta zuba ba. A taku na goma tsakar gidan ya yi shiru. A na ashirin ta jiyo muryar Inno can baya tana ƙirgawa, ta manta a gidan surukai take. Muhsin, da aka ce maza su tsaya waje, yana leƙe ta tagar zaure babbar rigarsa ta maƙale a ƙusa.

Ashirin da huɗu.

Sai ga dokin ƙofa. A tsakar gidansu babu shi, ba ta taɓa gwada tsallaka shi da kaya a hannu ba. Ta ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta soma halinta. Ƙasa ta fara karkacewa, ta ji kaskon na rinjayar ta gaba. Ta runtse ido, ta ce shi ke nan.

Ba ta ji ƙarar fashewa ba. Wasu hannuwa ta ji, masu awarwaro, sun tallafo nata a ƙarƙashin kaskon.

Ta buɗe ido. Hajiya ce a tsaye a gabanta, alhali tun da aka kafa gidan ba a taɓa jin uwar gida ta tashi wa amarya ba.

"Hajiya... saura uku."

"Na iya ƙirga. Ke kin yi ashirin da huɗu, ni kuma ƙafata ba ta mutu ba. Taho, 'yata."

Suka tsallaka tare, Hajiya na ja da baya, amarya na bin ta, kaskon a tsakaninsu. Suka ajiye shi a kan dardumar nan mai ramukan ƙuna, wadda Hajiya ta hana a canja. Guɗa ta tashi har maƙwabta suka amsa. Fadila ta sulale ta bayan rumfa, ba wanda ya bi ta kanta.

Mardiyya ta durƙusa za ta yi gaisuwa, kuka ya ci ƙarfinta, na daɗi zalla. Hajiya ta ɗage mata lulluɓi da kanta, ta goge mata fuska da gefen mayafinta, ta ce in lokacin komawa Kano ya yi a faɗa mata da wuri, ita za ta yi rakiya, tana da awarwaro biyu da take son ta matsa da su kusa da na'urar nan.

Sannan ta ɗaga murya ta ce a gaya wa mai leƙen taga ya shigo ya gai da matarsa, tun kafin ya ƙarasa yaga rigar.

Haƙorin Makka kuwa yana waje, har rana ta take bai koma ba.